Shafin Da Ya Tsira Daga Wuta

Mai walda yana da 'ya'ya huɗu, amma duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shagonsa labarin uku yake ji. Babban yana gyaran injina, na biyu ma'aikacin asibiti ne, ta uku tana da shagon ɗinki. In aka tambaye shi Auta fa, sai ya sauke gilashin walda a fuska ya ci gaba da aiki.

Auta tana shekara ta uku a kwaleji, tana karanta tarihin Turai da na Amurka da na duniya baki ɗaya. Uban ya raɗa wa abin suna: karatun matattu.

"Yau kuma wa kuka tono?" haka yake tsokanarta in ta zo hutu.

"Baba, yaƙin basasar Amurka muke yi."

"To Allah ya raba su lafiya. Ni dai ban ga wanda ya taɓa cika cikinsa da wannan ba."

Ita dai sai ta yi dariya. Ko sau ɗaya ba ta taɓa gaya masa ita ce ta ɗaya a ajinsu ba.

A ɗakin ajiya na bayan shagon akwai wani koren akwatin ƙarfe na mahaifin Mai walda, wanda ake kira Sajan saboda ya je yaƙin duniya na biyu. Ya rasu Mai walda yana ɗan shekara shida. Tarin da tsohon yake yi kawai yake iya tunawa, ko fuskarsa ta ɓace masa, kuma abin yana cin sa a rai ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba. Sau ɗaya ya buɗe akwatin, ya ga littattafan rubutu uku da danshi ya manne, ya mayar ya rufe. Ya iya karatu sarai, bai dai ga amfanin wahalar ba.

A wani hutu Auta ta buɗe akwatin. A kwaleji an koya musu cewa tsohuwar takarda in ta manne ba a buɗe ta da ƙarfi, sai a hannun masu gyaran takardu, don kada rubutun ya yage. Sai ta ɗauki shafin farko kaɗai, wanda ya riga ya cire da kansa, ta sa shi tsakanin kwali biyu.

"Baba, don Allah kada a taɓa akwatin Kaka. Zan dawo da malamarmu ta gani."

Injin goge ƙarfe yana ta kururuwa. "To, to," in ji shi, bai ko ɗago ba.

Bayan sati biyu ya sayo sababbin kayan aiki, yana neman abin da zai kulle su a ciki. Idonsa ya faɗa kan akwatin.

Matarsa ta ce, "Malam, ba yarinyar nan ta ce a bar shi ba?"

"Takardun da ko ɓera ya ƙi ci?"

Ya juye su cikin rabin duro ya cinna musu wuta. Kafin ya gama goge akwatin sun zama toka.

Da ƙarshen zango ya zo, kwaleji ta gayyaci iyaye su ji binciken ɗalibai. Matar ce ta matsa masa ya je. Ya zauna a kujerar baya yana hamma, sai aka kira Auta.

Jama'a, yarinya ta yi magana! Ta nuna taswira, ta bi hanyar jiragen ruwan da suka kwashi sojoji irin kakanta, ta ce manyan littattafai sun cika da sunayen janar-janar, amma da wuya ka ji bakin wanda ya ɗauki kaya a ka. Malamai suna ta gyaɗa kai. Mai walda ya zunguri na kusa da shi ya ce, "'Yata ce." Bai san lokacin da ya gyara zama ba.

Sai ta ɗaga shafin da ta ɗauko daga akwatin kakanta ta karanta: "Wannan littafi na ɗana ne. Na tsufa, shi kuwa ƙarami ne, ba lalle in kai lokacin da zai tambaye ni ba. Zan rubuta masa duk inda na je da abin da na gani, don ya san wane ne ubansa."

Ta ɗago tana murmushi. "Littafi uku ne, suna nan a gida suna jiranmu."

Zauren ya ɗauki tafi. Mai walda kaɗai ne hannunsa ya ƙi ɗaguwa.

A waje ta rugo wurinsa da takardar yabo a hannu. Bai ɓoye mata ba, ya gaya mata abin da ya yi. Ta daɗe tana kallonsa, idonta ya cika da ƙwalla.

"Auta, akwai saura a shafin? Karanta mini."

Ta karanta layin ƙarshe: "Ranar da aka haife ka, da aka miƙo mini kai, na ce..."

"Ya ce me?"

"Nan shafin ya ƙare, Baba."

Yanzu shafin yana cikin firam ɗin da ya haɗa da hannunsa, a rataye a shago. Wanda duk ya zauna a bencin nan labarin 'ya'ya huɗu yake ji, kuma da na Auta ake farawa. Amma abin da Sajan ya ce ranar nan, babu mai gaya masa har abada.

Mai karatu, kada ka rena ilimi don ba ka ga abincin da ke cikinsa ba. Kuma kafin ka cinna wa tsohuwar takarda wuta, nemi wanda ya san darajarta, don wataƙila kai aka rubuta wa.