Tawadar da Ta Fi Ƙarfin Ƙaronta

Ga wani misali ga duk mai ƙoƙarin ƙara wa abu ƙarfi ba tare da duba abin da ke riƙe da shi ba. An yi wani dattijo marubuci wanda malaminsa ya rasu ya bar littafi guda na sharhin gado, rubutun hannunsa, ba shi da na biyu a ko'ina. Gara ta ci gefensa, takardunsa sun bushe har suna karyewa idan an juya su. Magada suka kawo wa dattijon suka roƙe shi ya kwafe shi tun bai ƙarasa lalacewa ba, ya karɓa bisa sanin cewa kowace tsohuwar takarda juyi ɗaya za ta iya ɗauka, daga nan sai ta ruguje. Shi yake haɗa tawadarsa tun yana saurayi, kuma ya san ka'idarta sarai. Baƙin da ake kankarowa daga gindin tukunya gari ne mai son ɗan'uwansa: in aka zuba shi a ruwa shi kaɗai, sai ƙwayoyinsa su manne wa juna, su yi gudaji, su kwanta a ƙasa. Ƙaro ne ke shiga tsakani. Idan aka niƙa su tare tun daga farko, ƙaron kan lulluɓe kowace ƙwaya ya raba ta da maƙwabciyarta, har baƙi mai yawa ya zauna lafiya cikin kwaɓi kaɗan mai kauri, a riƙa ɗiba ana tsinkawa da ruwa. Ƙaron ne kuma ke kama takarda bayan ruwa ya bushe. Saboda haka duk wanda ya ƙara baƙi, wajibi ne ya ƙara ƙaro daidai da shi.

Ya yi nisa da aikin sai ya fara ganin rubutunsa ya koɗe. Ya kai takardar bakin ƙofa, ya karkata ta ga hasken hantsi, haruffan suna nan toka-toka kamar an yi su da ruwan wanki. Ya zargi tukunyar, ya zargi itacen da aka dafa abinci da shi. Matarsa, wadda ta daɗe tana lura da yadda yake laluben takalminsa da ƙafa, ta ɗauki takardar ta duba, ta ce, "Malam, tawadar nan ta fi gashin hankaka baƙi. Yanar ido ce ta fara hawa idonka." Ya karɓe takardarsa ya ce mata ta ji da miyarta, ba a tukunyar tuwo ake koyon tawada ba. Ya san gaskiya ta faɗa, amma yarda da ita na nufin miƙa amanar malaminsa ga wani hannu, wannan kuwa ya fi masa makanta ɗaci. Sai ya barbaɗa ƙarin baƙi a kan kwaɓin da ya riga ya gama, bai ƙara ƙaro ba, domin a ganinsa ƙaro abu ne marar launi, ba abin da zai yi sai dusashe masa abin da yake nema. Harafin ya fito masa. Da ya sake dushewa, ya sake barbaɗawa. Kwaɓin ya soma yi masa gargaɗi ta hanyoyin da hannu ke ji ko ido bai gani ba: alƙalami na toshewa, yana ƙarar yashi a kan takarda, laka na taruwa a gindin kurtun tawadar tana buƙatar motsawa kafin kowane layi. Ya ji duk wannan, ya fassara shi da ƙarfin tawada. Haka ya ci gaba, sabuwar takarda na hawa kan 'yar'uwarta a damansa, tsohuwa na zama ɓurɓushi a hagunsa, har ya kai ƙarshe. Ya ɗaure littafin tamau cikin fata, magada suka ɗora shi a kan jaki zuwa garinsu, shi ma ya bi su don a buɗe a gabansa.

Aka taru a zaure, babban ɗan marigayin ya kwance ɗaurin ya fara karantawa. Babin farko ya fita tas, dattijon na zaune yana gyaɗa kai, yana riga shi ƙarasa jumloli. Da aka wuce tsakiya sai muryar mai karatu ta fara sarƙewa, ya maimaita kalma, ya tsaya. Aka ji yana juya takardu da sauri. Girgizar hanya ta sa takardun sun goge juna, baƙin da ba shi da abin riƙo ya saki, ya taru gari-gari a gindin fatar, shafukan suka zama dusu-dusu babu harafin da za a iya rantsewa a kansa. Dattijon ya tambayi abin da ya tsayar da karatu. Ya miƙa hannu aka ɗora masa shafi ɗaya, ya shafa, ya murza yatsunsa biyu, ya ji laushin garin da ya sani tun ƙuruciya. Ya nemi ya karanto abin da ya ɓace da ka, ya kawo layi kaɗan, sauran suka ƙi zuwa. Abin da malaminsa ya rubuta a rabin littafin nan bai sake komawa kan takarda ba.

Irin wannan ne Hausawa ke nufi da suka ce garin neman gira an rasa ido.