Tafin Hannun Sallau

Tun da aka kafa dokar allon yarda, ba a ƙulla ciniki sai kowa ya ɗora tafinsa a kai, allon ya adana abin da ke zuciyarsa a lokacin.

Haka Sallau ya sayar wa ƙanensa Barau lambunsa, bayan rijiyar ciki ta ƙafe, bai gaya masa ba. Barau ya yashe ta, ruwa ya dawo. Kullum Sallau sai ya bi ta bakin shingen yana kallon tumatir jajawur, ya koma gida ya kasa cin abinci. Ƙarshe ya kai ƙara.

"Allah ya gafarta Malam, tilasta mini aka yi. A warware cinikin."

Alƙali ya kunna allon, ya daɗe yana dubawa.

"Babu tsoro a nan, Sallau. Murna ce, irin ta wanda ya ɓoye aibi. Wanda aka yaudara shi ke da ikon warwarewa. Barau, kana so?"

"A'a, na yafe wa Yaya."

Yafiyar ta fi hukuncin ƙona wa Sallau rai. Ya yi maza ya cusa hannayensa cikin aljihu, don allon yana nan a kunne.