Mangwaron da Ba a Faɗa Gaban Shaidu Ba

Ke da kike ce mini kunya ba za ta bar ki ki kafa wa mai neman aurenki sharaɗi ba, gyara zama ki ji. Na san wata bazawara mai sana'ar ƙuli-ƙuli, mace mai zafin nema, da wani manomi ya fito neman aurenta. Yana da wata gonar gado a bakin rafi, wadda ya bari sabara da tumfafiya suka cinye. Tun a wurin zance ta ce masa tana sha'awar dasa mangwaro a can, ya washe baki ya ce gona tata ce, shi kansa ma nata ne. Ana jibi ɗaurin aure yayanta, wanda shi ne waliyyinta, ya ce a faɗi maganar nan gaban shaidu, liman ya rubuta: duk itacen da ta dasa, rabin amfaninsa nata ne, da aure ko babu aure. Ta rufe fuska da mayafi ta ce, "Haba Yaya, sai ka ce cinikin jaki? Me dangin miji za su ce da ni?" Aka shafa fatiha, shaidu ba su ji komai ba sai sadaki.

Dashe arba'in ta kafa da hannunta. Rani shida tana ɗibar ruwa da tulu daga rafi, har gashin tsakar kanta ya zube. Ita ta sari ƙaya ta yi shinge saboda awaki, ita ta riƙa kwasar tokar murhunta tana zubawa a gindinsu saboda gara. Maigidan kuwa, aikinsa a gonar bai wuce zama a inuwa yana ba da shawara ba. Shekarar da itatuwan suka yi 'ya'ya har rassa na taɓa ƙasa, masu motoci suka fara zuwa daga birni, a shekarar ce ya gano cewa miyarta ba ta da gishiri kuma bakinta ya yi tsawo. Ya miƙa mata takarda. Ta kai kuka gun alƙali, alƙali ya tambaye ta shaida. Garin kaf ya ga tulun a kanta, amma ba wanda ya ji alkawarin, kuma mace ta taya mijinta aikin gona ba baƙon abu ba ne. Mutumin ya dafa Alƙur'ani ya rantse bai taɓa faɗa ba, ko ƙifta ido bai yi ba. Ta ɗaure kwanukanta da tabarmarta ta koma gidan yayanta, don itace ba ya shiga amalanke.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, da kakar mangwaro ta zagayo, sai tsohon mijin ya aiko mata da guda bakwai a ƙwarya, waɗanda jemage ya ɓantara, wai sadaka ce a yi masa addu'a. Ta daɗe tana kallonsu, don ta san daga gindin da kowanne ya faɗo. Sannan ta ɗaga kai ta ce a gaishe shi, an gode.

Yanzu ki tashi ki je ki sami waliyyinki tun goro bai shigo gida ba. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, kunyar mara kunya asara ce.