Tandun Tasalla

Malam Taha ya fizge ƙofar motar Marwan, ko takalmi babu a ƙafarsa. Daga tagar ɗakinsa a unguwar Ka'akiyya, can ƙasa mai tsarki, ya hango tandun kwallin marigayiya matarsa Tasalla yana lilo a jikin madubin motar.

Ya san tarihin tandun sarai. Kakar kakanninta ce ta taso da shi daga Katsina a ƙafa, tun kafin jihadin Shehu, kuma a danginsu mace ba ta miƙa shi sai ga namijin da zuciyarta ta zaɓa. Duk tsawon zamansu, ko taɓawa ba ta bari ya yi ba.

"Ya shaikh, wa ya ba ka wannan?"

"Ita, a gadon asibiti," in ji Marwan, abokinsa tun yarinta.

"Ashe kai ne! Kana cin tuwona, kana cin amanata?"

Marwan ya kwance tandun, ya danƙa masa yana dariya.

"Naka ne, tsohon banza. Tun ranar jana'iza ka kulle kanka, muna ta buga ƙofa. Ita ta ce kada mu wahalar da kanmu da wa'azi, kishi kaɗai ne zai sauko da kai."