Ganyen Akuyata

"Kaka, ganyen da ka ba ni ya yi aiki," in ji jikata, tana kaɗa mini takarda. "Ya sauke kumburin ƙafar ɓeraye."

Na yi dariya. Ni da na binne likitoci uku da suka hana ni cin gishiri, ɓera ne zai ba ni shaida? Shekara huɗu tana jami'a cikin farar riga, tana tatsar ganye a kwalabe, ni kuwa ko alƙalami ban taɓa riƙewa ba.

"To tunda kana shan sa, me ya mayar da gwiwarka kamar tulu?"

"Ƙiba ce, 'yar nema," na ce, na ja riga na rufe.

Abin da ba ta sani ba, ranar da ta roƙi sirrina ban ba ta ganyen gadon da nake sha ba. Wannan ba na yara ba ne. Na dai damƙo mata abin da akuyata take ci.

Yanzu kullum da safe ni da akuyar muke haɗuwa a gindin bishiya ɗaya. Ni nake fara tsinka, don ni ne babba.