Kujerar Baya a Motar Attahiru

Shekarar da fari ya ƙone geron Gobir, abin alfahari ɗaya ya rage wa Attahiru: doguwar Fijo mai ƙofa a baya, wadda ke kwashe iyali duka har da tukwane. Gudu sai ka ce barewa, kujeru sai ka ce katifa. Duk Sabon Birni ba wanda bai sha wannan kurin ba.

Uwarsa, Inna Saude, ba a ruɗin ta da laushi. Laushi, in ji ta, shi ke kashe ƙugu. Ta ɗinka matasai biyu na buhu, masu tauri da nauyi, ta aza su a kujerar baya. Mota ta ɗauki warin ganyen dogon yaro. Kaji suka riƙa kewaye ta. Rahmatu, matar Attahiru, ta ce bari ta wanke matasan. Faɗan da ta sha ya ishe ta shekara.

Yunwa ta matsa. Rumbu ya ƙare, aka koma dusa. Daga baya Attahiru ya sa aka daka irin shuka, yara suka ci. Inna ta ci rabonta.

Wata safiya labari ya zo, an yi ruwa a Turba, inda gonarsu take. Ruwan shuka ne, amma ƙasar da ta daɗe da ƙishi ba ta riƙe laima.

"Tada mota," in ji Inna. "A ɗauko sungumi."

"Mi za mu shibka, Inna? Tsakuwa?"

"Kullum kana cika mu da gudu. Yau za ni gani."

Maganar ta sosa shi. Ya hau hanyar Isa ya taka, motar ta yi ruri. Ramuka, kwana, rairayi, duk ta haɗiye su. Rahmatu na salati, yara na shewa, Inna ta dafe matashinta tana cewa, "Wannan ne gudun? Ƙara!"

Hantsi bai gama ɗagawa ba suka iso. Inna ta duƙa, ta dunƙula ƙasa a hannu. Ƙasar ta kama, da sauran laima.

"Tashi, Rahmatu, zaman ya isa. Kai kuma miƙo wuƙa."

Ta farke ɗinkin matashin, sai irin gero gauraye da toka da ganyen dogon yaro ya kwararo cikin ƙwarya, irin da gidan duka suka shekara suna zaune a kai.