Tsohuwar da Ta Yabi Surukarta da Turanci

Malama Tabawa, buɗe littafin nan da kika rufe. Kin ce kan da ya yi furfura ba zai riƙe am da is da are na Turanci ba. To bari in ba ki misalin wata da ta girme ki da shekara ashirin.

Wata tsohuwa ce mai daddawa a garinmu. Ɗanta guda, yana aiki a Fatakwal, can kuma ya auri wata nas 'yar ƙasar, wadda ba ta jin Hausa ko ta sayen gishiri. Wata damina tsohuwa ta zame a bakin rijiya ta karye a ƙugu. Ɗan ya zo da matarsa, ya yi mako guda, sai aka kira shi daga wurin aiki. Matar ta ce ita za ta zauna. Ta ɗauki hutu, ta shimfiɗa katifa a ɗakin tsohuwa, ita ke juya ta, ita ke yi mata wanka, ita ke zubar da fo. Magana kuwa sai da hannu da ido. Ta dage sai ta iya tuwon dawa, amma kullum ya fito da gudaji, tsohuwa ta ci ta yi shiru don kunyar suruka. Ita kuwa yarinyar ta ɗauki shirun nan a matsayin ƙi.

Kafin ɗan ya tafi, tsohuwa ta sha jin sa a waya yana gaya wa iyayen matar, "She is good." Har ta yi masa faɗa, wai don me yake ce wa mace "shi" kamar wani ƙato. Ya yi dariya ya ce da Turanci ita ke nan, kuma yabo ne. Tsohuwa ta adana kalmomin nan uku a ranta, tana jiran ranar da za ta kashe su. Ran nan wata maƙwabciya ta kawo kunun tsamiya, ta gaishe ta ta fita. Surukar ta tallafo tsohuwa, ta ba ta kunun a ludayi, ta goge mata baki. Tsohuwa ta ga yau ce rana. Amma kunya ta hana ta duban yarinyar, sai ta kafa ido a ƙofar da maƙwabciya ta bi, ta ce, "She is good." Surukar ta ajiye ludayi a hankali. Wata biyu tana ɗawainiya, ga yabo na farko ya fito, kuma a jinta na mai kunu ne. Ta zaga bayan madafa ta yi kuka, ta kira mijinta ta ce ranar Asabar za ta dawo, a bar tsohuwa da waɗanda take so.

Da ɗan ya kira uwarsa ya gaya mata, sai ta dafe ƙirji. Ya ce she ta wadda ba ta nan ce, wadda ake ba da labarinta, wadda ke gabanka kuwa you ake ce mata. Ya ce bari ya yi wa matar bayani a wuce wurin.

"A'a," in ji tsohuwa. "Bakina ya ɓata, bakina zai gyara."

Ta aika aka kira mata wani tsohon malamin firamare da ke bayan layinsu. Ya zauna daga bakin ƙofa ya ce mata abin kamar tukwanenta ne, kowace da murfinta. I da am tare suke tafiya, you da are, he da she da is. In kin ɗora murfin wata a kan wata, ba zai zauna ba. Kwana uku tana bita kamar mai hadda, tana taɓa ƙirjinta, tana nuna bango, tana nuna ƙofa. Ta kama you sai are ta kuɓuce, ta kamo are sai ta manta wa ake nufi. Malamin har ya gaji, ita ba ta gaji ba.

Ranar Asabar da hantsi surukar ta fito da akwatinta tsakar gida. Sai ta ji ƙwas, ƙwas. Tsohuwa ce da sanda, wadda tun faɗuwarta ba ta taka ƙasa ita kaɗai ba. Yarinyar ta yar da akwati ta ruga za ta tare ta. Tsohuwa ta riƙe mata hannu, ta dube ta cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "You is," ta tsaya, ta girgiza kai, ta sake. "You are good. You are my daughter." Sannan ta dafa ƙirjinta ta ce, "I am sorry."

Yarinyar ta durƙusa tana hawaye. Ashe ita ma a ɓoye tana tsintar Hausa wurin matan layi. Ta ce, "Inna, ka zauna, ka gaji."

Tsohuwa ta yi dariya har sai da ƙugun ya motsa. "Ki, 'yar nan, ki! Ni ma kin mai da ni ƙato?"

Akwati ya koma ɗaki. Surukar ta ƙara wata guda har tsohuwa ta koma kan tukunyar daddawarta, kullum da yamma suna zaune a tabarma, wannan na gyara wa wannan baki.

Shekararta saba'in da ɗoriya, Malama Tabawa, kuma jimla uku ta ɗauke ta kwana uku, amma ta isa inda za ta. Shi ya sa Hausawa suka ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.